Maƙwabcina na son aron garejina don gashin alade ranar Halloween

Baban Amira:
Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, shawara nake nema kuma lokaci ya ƙure. Ina da maƙwabci Bature, shinge ɗaya ya raba mu, shekara shida ke nan muna tare a nan gefen Columbus, jihar Ohio ta Amurka. Duk shekara in Halloween ta zagayo, wato bikin ƙarshen Oktoba da yara ke shigar dodanni suna bi gida-gida karɓar alewa, yakan tara danginsa da abokai ya gasa musu alade guda sukutum a bayan gida. Ban taɓa zuwa ba, shi ma bai taɓa matsa min ba, ya san ba ma ci. To bana ya riga ya biya kuɗin alade mai nauyin laba 80, ya gayyaci mutum wajen 50, sai ga masu hasashen yanayi sun ce ranar Asabar ruwa za a wuni ana tafkawa, ga iska, ga sanyi. Garejinsa cunkushe yake da katako da injina, kafinta ne. Nawa kuwa na mota biyu ne, ba komai ciki sai keken Amira da buhun shinkafa. Ɗazu bayan magariba ya ƙwanƙwasa min ƙofa, wai ko zan ara masa su shigar da akwatin gashin ciki, su ɗage ƙofar sama. Na ce bari in shawarci uwargida. Wallahi nauyin baki ne kawai ya hana ni cewa a'a. Mutumin nan, lokacin da na tafi Kano rasuwar mahaifiyata, sati uku shi ke kwashe min dusar ƙanƙara a ƙofar gida, ban roƙe shi ba. Gobe Alhamis na ce zan ba shi amsa.

Ɗan Damagaram:
Ni abin da ya ba ni mamaki, Bakano da gareji na mota biyu yana zaune fayau bai ba da haya ba. Lallai Amurka ta ɓata ka, taubashi.

Almajirin Malam:
Wa alaikumus salam. Yaya, wannan ai ba ta buƙatar shawara. Haramcin naman alade a fili yake, Baƙara aya ta 173, Ma'ida aya ta 3. Aya ta 2 a Ma'idar kuma ta hana taimakon juna a kan saɓo. Gidanka ne, 'ya'yanka suna kallo. Ka ce masa a'a da kyakkyawan lafazi, shi ke nan.

Maman Ikram:
Ku dakata tukuna, kafin a shiga fatawa. Baban Amira, don Allah ko rago ne na layya, ko kaza ce, kada ka bari a kunna gawayi a cikin garejin nan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga waɗanda aka kawo mana saboda wannan. Gawayi in yana ci yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. Tana shiga jini ta kama wurin da iskar numfashi ke kamawa, kuma ta fi ta ƙarfin kamu sau ɗari biyu da wani abu. Mutum zai fara jin ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ya zaci gajiya ce ko mura, ya ce bari in ɗan kishingiɗa. Daga nan sai dai a ɗauke shi. Ɗage ƙofa ba ya maganinta, balle ranar iska, iskar ce ma za ta riƙa tura hayaƙin ciki. Tambaya ɗaya: garejin a manne yake da gidan?

Baban Amira:
A manne yake, Hajiya. Ƙofarsa ta ciki kicin take shiga. Ɗakin yara kuma a samansa yake.

Maman Ikram:
Innalillahi. To magana ta ƙare. Hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta ce sama da mutum 400 wannan iskar ke kashewa duk shekara a ƙasar nan, ban da na gobara. Ka je ka ɗauki kowane buhun gawayi a kanti ka juya shi, gargaɗin yana rubuce a jiki, cewa ƙona shi a cikin gida ko gareji ko tanti na iya kisa. Mu ma a gida mun san wannan, duk hunturu sai an ji labarin waɗanda suka kwana da kaskon wuta a ɗaki suka rufe ƙofa.

Ɗan Damagaram:
To ai Allah ya kawo maka mafita a ɓagas. Gobe ka ce masa likita ta ce hayaƙi na kisa. Ba ka ambaci alade ba, ba ka ambaci addini ba, kowa ya riƙe mutuncinsa. An kashe maciji, sanda ba ta karye ba.

Baban Amira:
Gaskiya har na ji wani sanyi a raina. Wannan ta fi sauƙin faɗa.

Kawu na Bronx:
Sauƙin faɗa gare ta, ɗana, amma ba ta da tsawon rai. Ka ce masa hayaƙi, zai ce madalla, na gode da ka tuna min, to mu gasa a waje, in ya nuna mu shigo da shi garejinka mu yanka mu ci. Sai ka ce me? Ka ƙirƙiro wani hayaƙin? Baɗi kuma ya ce firjinka ya fi nasa girma, a ajiye masa dabbar kwana ɗaya. Shekara 31 nake ƙasar nan, na baro Kumasi da ƙuruciyata. Abin da na fahimta da mutanen nan, ba sa jin haushin a'a in ka faɗa musu dalili. Abin da ba sa yafewa shi ne su gano ka yi musu kwana-kwana. Mu ne muke ganin a'a kamar zagi. Ka faɗa masa duka biyun: hayaƙi zai kashe min yara, wannan ɗaya. Na biyu, ko babu hayaƙi, addinina bai yarda naman nan ya shigo gidana ba. Sannan ka tambaye shi me kuma zan iya yi maka.

Ɗan Damagaram:
Kawu, ranka ya daɗe, hayaƙin ai ba ƙarya ba ne.

Kawu na Bronx:
Ba ƙarya ba ne, amma ba shi ya hana shi barci ba. Ka koma ka karanta saƙonsa na farko, ka ga ko akwai hayaƙi a ciki.

Ɗan Kafanchan:
Bari in sa baki, tunda a gidan nan ni ne mai cin abin da ake magana a kai. Na tashi kusa da kasuwar aladu ta Katsit, ranar Alhamis ba ka jin komai sai kukansu. Kawu ya yi gaskiya. Abokaina Musulmi tun muna firamare, wanda ya ce min kai tsaye ba na cin abincin tukunyarku, da shi muke tare har yau. Wanda ke karɓa ya zubar a bayan aji, ranar da na gani sai da na yi kuka.

Sai batun gashin. Baban Amira, akwatin nasa wane iri ne? Na katako mai rufin ƙarfe a ciki, ana zuba gawayi a samansa?

Baban Amira:
Shi ne. Yana da ƙafafu da tayoyi kamar baro.

Ɗan Kafanchan:
La Caja China ke nan, 'yan Kuba na Miami suka yaɗa shi. Yanzu na gane abin da ya firgita shi. Wutar wannan akwati a sama take, a kan faranti, a buɗe, naman yana ƙasa a rufe. Ruwa na sauka kan garwashi zai sauka. A rana mai kyau awa huɗu ya isa, ana ƙara gawayi kusan duk awa. Ranar sanyi da iska kuwa lissafin ya rushe, iska tana cinye gawayi da wuri tana kuma kwashe zafin. Abin da yake buƙata rufi ne mai tsawo wanda gefensa ke buɗe, nesa da bangon gida, da wani abu da zai tare iska ta ɓangaren da take bugowa. Tunda kafinta ne, ginshiƙi huɗu da fallen kwano uku sun ishe shi, aikin awa biyu ne. Kada ya yarda ya sa wutar ƙarƙashin kanofin leda irin na biki, zafi zai narkar da shi, iska kuma ta ɗauke shi. Ya sayi gawayi ninkin wanda ya saba, ya adana shi inda ba zai jiƙe ba. Ya fara da sassafe. Kada ya riƙa buɗewa yana leƙe, kowane leƙe rabin awa ne ya tafi. Ya soka ma'aunin zafi a kafaɗa da cinya, hukuma ta ce maki 145 a ma'auninsu na nan, wato Fahrenheit, shi ne mafi ƙaranci, amma in yana son nama ya saki ƙashi sai ya kai wajen 190. In ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya sa mahauci ya raba shi huɗu, a gasa a murhun kicin na 'yan uwansa. Ba kyan gani, amma kowa zai ci.

Almajirin Malam:
Subhanallah. Yanzu a zauren nan ake koyar da gashin alade? Mai unguwa, kana gani fa.

Mai Unguwa:
Ina gani, Malam. Zauren nan na masu jin Hausa ne mazauna Amurka, tun ranar da aka buɗe shi da Musulmi da Kirista a ciki. Ɗan Kafanchan bai ce kowa ya ci ba. Kai ma ka faɗi naka ba wanda ya goge. A ci gaba, a kiyaye harshe.

Ɗan Damagaram:
Ni ina Greensboro, nan North Carolina gashin alade sukutum kamar balangu yake a wurinmu. Ba sa jiran Halloween, ɗaurin aure, taron coci, siyasa, ko'ina. Su nasu tukunyar ƙarfe ce babba kamar tankin mai da aka tsaga biyu, da murfi, ana jan ta da mota. Kwana suke yi a kanta, suna yayyafa ruwan tsami da barkono. Ruwan sama bai dame su ba don wutar a ciki take. Na taɓa sauke kaya a wani wuri da kamiyo na tarar suna yi, ƙamshi ya cika fili, na ce a'uzubillahi na ɗaga gilashi. Amma in gashin dabba sukutum ne, su zo Zinder ko Yamai ranar Babbar Salla su ga aiki. Raguna a baje kan itace a gicciye, an jera su sun kewaye wuta a bakin titi, tun hantsi har dare. Ba akwati ba ma'auni.

Ƙanwar Kowa:
Ni tambayata daban ce. Yaya Baban Amira, ita Amira tana fita karɓar alewa? Don ni shekarar farko da na zo karatu na ga yara da shigar dodanni suna bi gida-gida, wallahi tashe kawai na tuna. Goma ga azumi, yara su shafa bula su sa gemun auduga, a ba su hatsi ko kuɗi.

Baban Amira:
Ba ta fita, amma muna ajiye alewa a ƙofa don yaran unguwa. Nan tsakiyar Ohio ma daren mabarata suke ce masa, kuma kowace ƙaramar hukuma ke sa ranarta da awanninta, ba lallai 31 ga wata ba.

Almajirin Malam:
Ƙanwata, kamannin sama ne kawai. Tashe wasa ne a cikin watan ibada. Wannan kuwa asalinsa bikin mutanen Ailan ne na zamanin maguzancinsu, ƙarshen kaka, da imanin cewa a daren matattu na dawowa. Daga baya coci ta sa ranar waliyyanta 1 ga Nuwamba, daren ya zama jajibirinta. Ko ta wace fuska ka duba ba namu ba ne.

Ƙanwar Kowa:
Na ji, Malam. Amma tashen ma ai akwai malaman da ba sa so.

Mai Unguwa:
Wannan muhawarar mun yi ta bara, mun yi ta bara waccan. Mutum na da amsar da zai bayar gobe. A dawo kan gareji.

Kawu na Bronx:
Bari in ƙara wani abu kan yanayin, don na ga kamar maƙwabcin naka yana ganin dole sai an yi ranar. Ƙarshen Oktoba a ƙasar nan ba shi da amana. A 2011 dusar ƙanƙara ta sauko mana tun 29 ga wata, ganye bai gama zuba ba, rassa suka yi ta karyewa kan wayoyi, miliyoyin mutane suka rasa wuta. Shekara na zagayowa, 29 ga Oktoban 2012, guguwar Sandy. Ina tuƙin tasi a nan New York lokacin. Ƙasan Manhattan duhu ƙirin, ruwa ya cika ramukan jirgin ƙasa, layin mai kamar muna gida, har sai da aka koma sayar da mai bisa lambar mota, yau masu mara gobe masu cika. Faretin Halloween na Greenwich Village da ake yi duk shekara aka soke shi. A New Jersey gwamna Chris Christie da kansa ya sa hannu ya ɗage Halloween zuwa 5 ga Nuwamba. Kuma cikin waɗanda suka mutu bayan guguwar akwai waɗanda janareta ya kashe, sun kunna shi a gareji, irin abin da Hajiya ke faɗa. In gwamna zai ɗage biki, kafinta ma zai iya matsar da nasa zuwa Lahadi.

Maman Ikram:
Mu nan Minnesota ba ka isa ka yi ƙorafin sanyin Halloween ba, sai a ce maka ina kake a 1991? Dusar ƙanƙara inci 28 ta zuba a Minneapolis daga daren Halloween, Duluth kusan 37. Duk tsohon da na yi jinya sai ya ba ni labarin, wai ya fita karɓar alewa da rigar sanyi a kan kayan dodo.

Baban Amira:
Lahadi ba za ta yiwu ba, wasu daga Indiana za su zo, Litinin aiki. Na karanta wa uwargida duk abin da kuka rubuta. Ta ce maganar Kawu ce magana. Ta kuma ce in ya gama nasa a waje, tsofaffi da yara ba za su tsaya cikin ruwa muna kallo ta taga ba, gidansu ƙarami ne ba zai ɗauki 50 ba. A buɗe musu garejin su zauna, sharaɗi ɗaya, nama da giya ba sa tsallako shinge.

Almajirin Malam:
Yaya, wannan ma shiga bikin ne ta bayan gida.

Maman Ikram:
Malam, fakewar ruwa ce. Ko a Kurmi ruwa ya kama mutum ba a tambayarsa daga ina yake kafin ya shiga rumfa. Hadisin da Mala'ika Jibrilu ya yi ta wasiyya da maƙwabci har Annabi (SAW) ya zaci za a ba shi gado, ni ban ji an ce sai maƙwabci Musulmi ba.

Almajirin Malam:
Haƙƙin maƙwabci ban musa ba, Hajiya. Ni dai da ni ne ba zan buɗe ba a wannan ranar. Ya tambayi limaminsu, Allah ne mafi sani.

Baban Amira:
Salam jama'a, yau Lahadi, ga yadda ta kaya. Ranar Alhamis na same shi yana fiƙe wani katako, na faɗa masa duka biyun kamar yadda Kawu ya ce, gabana na faɗuwa. Na addinin ko gezau bai yi ba, cewa ya yi shi ya zaci ci ne kawai ba ma yi, da ya san har shigowa gida ne da bai tambaya ba, ya ba ni haƙuri har na ji kunya. Na hayaƙin ne ya tsaya gardama, wai ai ƙofa a buɗe za ta kasance. Matarsa ta je ta jawo buhun gawayi ta nuna masa rubutun da yatsa, ta ce masa wani abu da ban ji ba, ya yi shiru.

Na tura masa bayanin Ɗan Kafanchan. Ranar Juma'a ya kafa rumfar kwano a ƙarshen fili, ya tare gefe biyu. Jiya ruwa ya fara tun asuba bai ɗauke ba sai bayan isha. Ƙarfe takwas ya kunna wuta, bai sauke ba sai ƙarfe uku, awa bakwai maimakon huɗu, kuma sai da ya aika a ƙaro gawayi. Cikin 50 kamar 30 suka zo. Na ara masa kanofina da kujeru don wurin zama, muka ɗaura wa ƙafafun bokitan yashi. Wajen la'asar iska ta yi wani kukan kura, ta ɗauke kanofin da bokiti biyu, ta tsallake shinge ta kifa shi a gonar tumatir ɗin wata tsohuwa. Ƙafafun kanofin biyu sun karye. Daga nan kowa ya yo garejina. Uwargida ta soya ƙosai ta dafa shayi da citta da kanumfari, roba biyu na ƙosai ko ɗaya bai rage ba. Wani ɗan uwansa ya taho da faranti cike da nama, tun kafin in buɗe baki maƙwabcin nawa ya tare shi a bakin shinge ya juya shi. Wata kaka da shigar mayya ta zauna kan buhun shinkafata tana tambayar uwargida yadda ake cire bawon wake.

Kawu na Bronx:
Madalla. Ka gaishe min da uwargidan.

Ɗan Kafanchan:
Awa bakwai! Na ce maka yana leƙawa. Fatar ta yi ƙarau kuwa?

Baban Amira:
Wannan kuma sai ka tambaye shi, ni ƙosai na ci. Amma ga wata sabuwa. Da safen nan ya kawo min kuɗin kanofi na ƙi karɓa, sai ya ce to in Babbar Salla ta zo shi zai gasa min rago sukutum a akwatinsa.

Almajirin Malam:
A wancan akwatin? A'a wallahi. Kitsen ya riga ya shiga ko'ina.

Baban Amira:
Haka na ce masa. Ya ce ai shi kafinta ne, zai ƙera sabo fil, ni in sayi ƙarfen ciki.

Ɗan Damagaram:
Wane irin akwati kuma, rago ne ko gawa? Ku samo itace huɗu masu kauri da icen wuta, ni zan biyo da kamiyo in nuna muku. Kuma taubashi, ka koma ka karɓi kuɗin kanofin nan kafin labari ya kai Kantin Kwari a cire ka daga Kanawa.

Maman Ikram:
Kafin Salla dai, Baban Amira, ka duba na'urar gano iskar gawayi da ke saman benenku, ka canja mata batir. Ita tsohuwar mai tumatir an je an ba ta haƙuri?